Yunwa da zafi ne ke kashe batirin sola

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, sola kuma ta fara hawa rufin gidajen da a da ba a zaci za ta hau ba. Sai ga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda ba ko ƙyallin lantarki. Masu jinkiri da yawa a lokacin suka yanke shawara. Aka sayi farantan sola, aka sayi inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta gida, aka sayi batura, wani da kuɗin adashi, wani sai da ya sayar da sa.

Yau kuma kuka ɗaya kake ji a majalisa da shagunan masu haɗa sola: batir bai cika shekara biyu ba ya daina riƙe wuta. Da farko yana kai iyali asuba da fanka. Bayan wasu watanni inbata ya fara ƙara ƙarfe uku na dare. Yanzu ana idar da isha'i gida ya yi duhu. Laifin yawanci mai shago ake ɗora wa, a ce jabu ya sayar. Jabu yana nan, zan zo kansa. Amma mafi yawan baturan da na ga sun mutu da ƙuruciya lafiyarsu ƙalau aka shigo da su gida. Yunwa ce ta cinye su a hankali, zafin ɗakin da aka ajiye su ya ƙarasa aikin. Abin yana damuna, domin batir shi ne mafi tsada cikin kayan da ke ƙarewa a tsarin sola, kuma mutuwarsa da wuri ce ke sa talaka ya ce sola yaudara ce.

A fara da bambance iri. Batirin mota dokin sukuwa ne. Aikinsa ya saki ɗaruruwan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, cikin daƙiƙa biyu ko uku ya tada inji, nan take motar ta mayar masa da abin da ya kashe. Saboda haka allunan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa. Wanda ya dace da sola kuwa, da masu sana'a ke kira dip saikil, raƙumi ne: an ƙera shi ya ɗauki kaya matsakaici ya yi doguwar tafiya, a ja cajinsa da zurfi cikin dare, a sake cika shi da rana, kullum haka. Allunansa kaurara ne, a irin tubula ma sinadarin allon yana ƙunshe cikin bututu-bututu don kada ya zube da wuri. Shi ake sa wa motocin ɗaga kaya a manyan sito, da ƙananan jiragen ruwa, da turakun kamfanonin waya. Wanda ya ɗaura batirin tirela a inbata saboda araha zai ga wuta na 'yan watanni, daga nan allunan su ruguje.

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, kuma har yau asalin aikinsa bai sauya ba. Batir mai bolt 12 sel shida ne a jere, wato ƙananan ɗakuna shida a cikinsa, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1 idan ya cika. A cikin kowane sel akwai alluna iri biyu na dalma, jiƙe cikin ruwan asid. Idan kana jan wuta, asid ɗin yana barin ruwan yana haɗuwa da dalmar, ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet, ya lulluɓe allunan. Ruwan kuma yana ƙara salancewa, yana kusantar ruwa zalla. Idan ka sa caji, abin sai ya juya: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, allunan su koma yadda suke. Duk rayuwar batir wannan kai da komowar ce.

Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san sauran bayanin. Tukunyar da aka jiƙa aka wanke da zafinta ba ta ba da wahala. A bar ta ta kwana biyu, ƙanzo ya kama, sai an kankare. Gishirin da ke kan allunan batir a daren farko laushi gare shi, caji yana narkar da shi cikin sauƙi. Idan ya yi kwanaki bai narke ba, sai ƙwayoyinsa su girma su taurare, su zama ƙanzon da cajin yau da kullum ba ya iya ɗagawa. Duk wurin da ƙanzon ya kama a allo ya fita daga aiki. Batirin da aka rubuta wa 200Ah a jiki, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, sai ya koma na 150 a zahiri, ya koma na 100, alhali a waje yana nan fes kamar ranar da aka sayo shi. Abin lura shi ne ba sai batir ya sauka ƙasa ƙwarai ƙanzo ke kamawa ba. Ya isa kawai a ce kullum yana tsayawa a kashi 80 ko 85 cikin ɗari, bai taɓa kaiwa ƙarshe ba. Wancan ragowar da ba a narkar ba ita ke taurarewa. Wannan nake kira yunwa.

Dalilin da ya sa batura da yawa ba sa ƙoshi yana cikin yadda caji ke shiga. Cika batir kamar cika buhun hatsi ne. Da farko zubawa kake yi da kwarya, ba tsayawa. A wannan matakin kwantirola, na'urar da ke tsara caji tsakanin farantai da batir, tana tura duk wutar da farantai suka kawo, bolt yana ta hawa har ya kai kimanin 14.4 zuwa 14.8 a batir mai ruwa, ko 14.1 zuwa 14.4 a rufaffun batura irin su jel mai daskararren asid. A nan batir ya kai kusan kashi 80 ne kawai. Mataki na biyu shi ne na girgiza buhu da dannawa: a riƙe bolt a wurin, wutar da batir ke karɓa tana raguwa da kanta sannu a hankali. Wannan yana cin awa biyu zuwa huɗu, kuma ba a iya gaggauta shi ko da farantai ɗari ne a rufi. Ana cewa ya cika ne idan abin da yake sha ya sauko kusan kashi 2 cikin ɗari na girmansa, wato wajen amfiya 4 a batir mai 200Ah. Daga nan sai mataki na uku, a sauke bolt zuwa 13.2 ko 13.8 gwargwadon umarnin kamfanin da ya ƙera, a riƙe shi a cike ba tare da an dafa shi ba.

Matakin nan na biyu shi ne ke ɓacewa a gidajenmu. Maigida ya leƙa da hantsi ya ga 14.4 a fuskar inbata, ko ya ga koren fitila, ya ce batir ya cika, a kunna firiza da injin tura ruwa. Alhali lokacin ne aikin gaske ya fara. Bolt ɗin da ake gani ana tsakiyar caji ba ya faɗin cikar batir, kuma batirin da ƙanzo ya ci ya fi kowanne saurin nuna ya cika, domin ɗan wurin da ya rage masa ne ke cika nan da nan. Idan batirinka ya fara "cika" ƙarfe goma na safe alhali da sai azahar, alamar ciwo ce. Ma'auni mai gaskiya sai an cire caji an cire kaya, batir ya huta wasu awanni: 12.7 cikakke ne, 12.4 saura kusan kashi uku cikin huɗu, 12.1 zuwa 12.2 rabi ne. A tsarin bolt 24 a ninka biyu, a na 48 a ninka huɗu.

Bari mu yi lissafin wani gida irin wanda kowa ya sani. Batir biyu masu 200Ah a tsarin bolt 24, wato wat-awa 4,800 a rubuce, 200 sau 24 ke nan. Dare ya yi, fankar sama uku masu cin wat 70 kowacce suka yi awa goma, wannan 2,100 ke nan, ga fitilu, ga talabijin, ga abin da inbata kansa yake ci don yana kunne, wanda a wasu yakan kai wat 30 zuwa 50 ko ba a jona masa komai ba. Kafin gari ya waye an ci rabin batir ko fiye, a ce 2,400. Batirin dalma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa, kusan kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya a zafi da tafasa, don haka sai an zuba masa wajen 3,000 kafin ya koma daidai. A rufi kuma faranti biyu ne masu wat 300. A ƙasarmu ana ƙiyasta awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, a takarda ke nan an samu 3,000 ko ɗan fiye. Amma faranti yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri da ya haura 25, kuma a rufin kwano da tsakar rana yakan wuce digiri 60. A ƙara ƙura, a ƙara asarar waya da ta kwantirola, abin da ke isowa bai fi 2,300 ba. Daga cikinsa firiza da fankokin rana suka ɗebi rabi ko fiye. Batirin da ke bin bashin 3,000 ya samu 1,000, dare kuma ya sake yi.

A irin wannan gidan, idan batir ya mutu, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ƙaro batura. A ganina wannan ita ce shawara mafi muni da ake ba masu sola. An ƙara bakuna a gidan da abinci bai isa ba. Kuɗin batir na uku da na huɗu, da farantai aka saya da shi, da biyun farko sun daɗe. Ƙa'idar da masu ƙera batura ke bayarwa ita ce wutar caji ta kai wajen kashi 10 cikin ɗari na girman batir ko ɗan fiye, wato amfiya 20 na shiga cikin batir mai 200Ah, bayan an cire abin da kayan gida ke ci da rana. Wanda ba shi da halin ƙara faranti, to ya rage kaya. Fankar zamani mai cin wat 30 kaɗai tana iya sauya lissafin nan gaba ɗaya.

Yanayi ma yana da hannu. A hunturu, hazo yana tare rana, ƙura tana kwanciya a kan farantai, mako biyu ba a goge ba sai ka ga bambanci a mita. A marka, cikin Agusta, ana iya kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Waɗannan lokuta biyu ne ƙanzo ya fi kamawa. Wutar Nepa kuma, inda take zuwa awa biyu ta ɗauke, tana kai batir ƙarshen matakin farko ne ta bar shi a nan. Ga mai janareto akwai dabara: a tada shi da sassafe ya yi cajin farko mai cin wuta da yawa, a bar wa rana mataki na biyu mai cin lokaci. Tada janareto da yamma don ya yi awa uku yana tura amfiya biyar ɓarnar mai ce. Aƙalla dai sau ɗaya a mako a ware rana guda, a kashe manyan kaya tun safe, a bar batir ya ƙoshi har ƙarshe.

Sai zurfin da ake ja. Sunan dip saikil, wato mai ja da zurfi, yana sa mutane su ɗauka cewa an halatta a tatse shi ƙarƙaf. Yana jurewa fiye da batirin mota, amma kowace tatsa tana da farashi: allunan suna kumbura suna motsewa, sinadarinsu yana zubewa ƙasan sel. Batirin da ake tsayawa a rabinsa yana yin zagayen ja da cikawa kusan ninki biyu na wanda ake jan kashi 80 nasa, ko fiye. Matsalar ita ce inbatoci da yawa suna zuwa daga kamfani an saita su kashe kansu a bolt 10.5, ko 21 a tsarin 24. Wannan lambar tana nufin batir ya ƙare sarai. An sa ta ne don kare inbata da hana mummunar ɓarna, ba don tsawon ran batir ba. Idan inbatanka yana karɓar saiti, a ɗaga ta zuwa wajen 11.8 ko 12.0. Idan ba ya karɓa, kada a mai da ƙarar inbata agogon kwanciya. Duk daren da ya yi ƙara, an riga an wuce gona da iri. Mafi muni shi ne a kashe a sake kunnawa don a matso sauran minti ashirin.

Gudun da ake ja da shi ma yana rage abin da ake samu. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya bayyana wannan tun 1897. Lambar 200Ah da ke jikin yawancin batura tana nufin idan an ja amfiya 10 na tsawon awa 20, shi ya sa za ka ga C20 a gefenta. Wanda aka rubuta wa C10 an gwada shi da ja mai ƙarfi, don haka 200Ah ɗinsa ya fi na C20 auki. Dutsen guga mai wat 1,000 a tsarin bolt 12 yana jan amfiya kusan 100. A wannan gudun batir ba zai ba da ko kusa da 200Ah ba. Guga, hita, injin tura ruwa da injin wanki aikin rana ne, tsakanin sha ɗaya da ƙarfe uku, lokacin da farantai ke ɗauke nauyin.

Zafi shi ne abin da takardun kamfanoni ba su rubuta da mu a zuciya ba. Duk alƙawarin shekarun da ke jikin kwali an gina shi ne a kan digiri 25, wasu ma 20. Ƙa'idar da injiniyoyi suka yarda da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba ran batirin dalma biyu, domin zafi yana hanzarta cin ƙarfen allunan da ƙafewar ruwa. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa. Mu kuma ina muke ajiye batir? A sito mai rufin kwano ba silin, ko ƙarƙashin bene ba taga, ko cikin akwatin ƙarfe a jikin bangon yamma, inbata yana hura masa iska mai zafi. Batirin da zai yi shekara shida a ɗaki mai sanyi sai ya yi uku, ko da an kula da komai. Ya kamata batir ya samu ɗaki mafi sanyi da za a iya ba shi, mai iska tana ratsawa, da tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin kowane batir da ɗan'uwansa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi sabon ɗakin bulo da kwano nesa ba kusa ba. Ɗora shi a kan katako yana da kyau saboda danshi da ambaliya, amma zancen cewa siminti yana zuƙe caji tsohon labari ne na zamanin da gidan batir ba irin robar yanzu ba ne.

Batir mai zafi kuma ba ya son bolt ɗin batir mai sanyi. Idan ya kai digiri 35, a rage wajen 0.2 zuwa 0.3 daga bolt ɗin caji na batir mai 12. Kwantiroli da yawa suna zuwa da wata 'yar waya mai auna zafi da ake mannawa a jikin batir don su yi wannan gyaran da kansu. Sau da yawa a cikin kwali ake barinta. Rufaffun batura, waɗanda 'yan kasuwa ke kira busassu, su suka fi cutuwa da wannan, domin ruwan da suka rasa ba ya dawowa. Idan ka ga cikin irinsu ya kumbura, zafi da yawan caji ne suka haɗu.

Mai ruwa kuwa, irin tubula, yana yafe kuskure da yawa muddin ana ba shi ruwa. A ƙarshen caji wani ɓangare na ruwan yana rabewa ya fita a matsayin iska. Ruwa ne ke fita, asid yana nan, don haka ruwa kaɗai ake ƙarawa, ba a ƙara asid. Kuma tataccen ruwan batir ake nufi. Ruwan rijiya, na famfo, na leda, duk suna ɗauke da gishiri da ƙarfe da ke gurɓata alluna, tafasa su kuma ba ya cire komai, ƙara tattara su yake yi. A duba kowane wata, a bazara kowane mako biyu. Lokacin ƙari bayan caji ya cika ne, domin ruwan yana hawa idan batir ya cika, wanda ya cika shi maƙil tun yana fanko zai tarar asid ya malalo. Sai dai idan allunan sun fito fili, to a zuba abin da zai rufe su kafin a sa caji, domin allon da ya sha iska ya lalace. Iskar da ke fita haidirojin ce, tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. Kada a leƙa ramin batir da ashana, kada a sha taba kusa, kuma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Asid in ya taɓa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

Akwai wani ɗan kayan aiki mai araha da na fi yarda da shi a kan duk fitilun inbata, wato haidiromita, bututun gilashi mai robar zuƙa da ke auna kaurin ruwan batir. Tun da asid yana barin ruwa idan caji ya sauka, kaurin ruwan shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Cikakken sel yana nuna tsakanin 1.240 da 1.280 gwargwadon irin batir, wanda ya ƙare yana saukowa wajen 1.120. Amfaninsa mafi girma shi ne yana nuna kowane sel shi kaɗai. Idan biyar suna 1.250 ɗaya yana 1.200, wancan ɗayan ya fara ja baya, kuma shi zai ja sauran. A dogayen batura kuma asid mai nauyi yakan kwanta ƙasa ya bar ruwa salam a sama, ƙasan allo yana ciwuwa, samansa yana yin ƙanzo. Maganin duka biyun shi ne cajin daidaitawa: bayan batir ya cika, a ɗaga bolt zuwa wajen 15.5 na awa biyu ko makamancin haka, ruwan ya yi ta ɓulɓula yana gaurayuwa, selan da suka makara su kamo. Ana yinsa idan bambancin sel da sel ya kai 0.030, ko duk wata ɗaya zuwa uku. A tabbatar akwai ruwa, a buɗe taga, a cire kaya, a dakata idan batir ya doshi digiri 50. Wannan na mai ruwa ne kawai. Jel aka yi wa haka, an kashe shi.

Batura da aka haɗa tare kamar shanun huɗa ne, dole su zo ɗaya a iri, a girma, a shekaru. Sabo da tsoho in aka jera, tsohon yana saurin cika yana saurin ƙarewa, sabon ba ya ƙoshi, cikin watanni ya bi sahunsa. Haka nan jan wutar bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun da ke tsarin 24, don fitila ko fankar diisi mai aiki da wutar batir kai tsaye, yana sa ɗaya ya zauna da yunwa ɗaya ya yi ta dahuwa. A riƙa auna kowanne daban ana tsakiyar caji, bambancin da ya kai rabin bolt abin bincike ne. Kawunan batir a ɗaure su tamau, in farin gari ya taru a goge da ruwan kanwa ba tare da ya shiga rami ba, a shafa basilin.

Na ce zan zo kan jabu. Dalma ce batir, dalma kuwa nauyi gare ta. Batir mai bolt 12 da 200Ah na gaske yakan kai kilo 55 zuwa 65. In ka ɗaga shi da hannu ɗaya, lambar jikinsa ado ce. A duba ranar da aka ƙera shi, a kuma auna shi a shago, domin batirin da ya yi watanni a sito mai zafi ba caji yana sauke kansa, ƙanzo ya kama shi tun bai ga gidanka ba. Sai masu "wanke batir", a zubar da tsohon ruwa a ɗura sabon asid. Mita za ta nuna lamba mai kyau na ɗan lokaci, amma asid ɗin asali yana nan daskare a jikin alluna, yanzu an ƙara wani a kansa, allunan sai su ƙara saurin ciwuwa. Batirin da ƙanzonsa bai tsufa ba yakan farfaɗo da dogon caji a hankali da daidaitawa. Wanda allunansa suka zube, ba ruwan da zai dawo da su.

Masu hali suna komawa lithiyam, musamman irin LiFePO4, kuma da dalili. Ba ya yin ƙanzo, don haka rashin cika kullum ba ya cutar da shi, ana iya jan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana yin zagaye dubbai. Ga gidan da wutarsa ba ta da tabbas wannan babban sauƙi ne. Amma zafi yana tsufar da shi shi ma, ba a yi masa cajin daidaitawa irin na dalma, kuma ransa yana hannun ɗan allon lantarkin da ke cikinsa mai tsaron kowane sel. Wanda ya sauya batir bai sauya saitin inbata da kwantirola ba ya gudu bai tsira ba. Kuma faranti biyun da suka kasa ciyar da na dalma ba za su samar da wutar da babu ba don an kawo lithiyam.

Ko an yi komai daidai, ranar da batir zai ƙare tana zuwa, kuma inda zai je ya shafe mu. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu sakamakon niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. A Thiaroye-sur-Mer, wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma a can dalmar daga tsoffin baturan da aka daɗe ana fasawa a unguwar ta fito. Ƙurarta tana shiga ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Tsohon batir kada a fasa shi a gida, kada a tuttular da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada a mai da gidansa mazubin ruwan kaji. A bar shi a tsaye, murafensa a rufe, nesa da yara, har a mayar wa dilan da ke karɓar tsoho a rage kuɗin sabo. In 'yan jari bola za a sayar wa, a ba su shi cikakke da ruwansa, kada a yarda su zubar da asid ɗin a ƙofar gida don rage nauyi.